Ɓoye Albashi: Wa Yake Cin Ribarsa?

A kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano, da wuya ka ga manomin da zai sauke buhun masara bai fara tambayar yadda farashi ya kwana ba. Idan mai saye ya taya ƙasa da ƙima, sai ya ce masa "albarka", domin ya san yadda maƙwabcinsa ya sayar. Amma injiniya ko akanta ko ma'aikaciyar jinya, waɗanda suka shafe shekaru suna neman ilimi, sukan je ganawar ɗaukar aiki ba tare da sanin darajar abin da suka zo da shi ba. Duk yadda aka taya, sai su sallama.

Ko shakka babu, al'adarmu na da hannu a cikin wannan lamari. Tambayar mutum albashinsa abin kunya ne, faɗinsa kuma akan ji tsoron hassada ko ƙaruwar buƙatun dangi. A aikin gwamnati matsalar da sauƙi, tunda matakan albashi a rubuce suke, kowa ya san abin da mai mataki na 8 yake ɗauka. Amma a bankuna da makarantu da asibitoci masu zaman kansu, mutum biyu kan zauna a ofis ɗaya, suna aiki iri ɗaya, alhali ɗaya ya kusa ninka ɗaya. Mai kamfani kaɗai ya san haka, kuma shi ne yake cin ribar shirun.

Ba a ƙasar nan kaɗai rashin sani ya fi dare duhu ba. A Amurka, Lilly Ledbetter ta yi kusan shekara 20 tana aiki a kamfanin taya na Goodyear kafin wata takarda marar sa hannu ta sanar da ita cewa takwarorinta maza sun fi ta albashi. A 2007 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce ta makara wajen shigar da ƙara, sai a 2009 aka yi dokar da ke ɗauke da sunanta domin toshe wannan kafa. Tun daga 2022 birnin New York ya wajabta wa kamfanoni bayyana mafi ƙaranci da mafi yawan albashi a tallan aiki. Haka nan a 2023 Tarayyar Turai ta amince da ƙa'idar da ta hana tambayar mai neman aiki abin da yake karɓa a wurinsa na baya.

Wannan batu na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai. Wanda ya fara aiki da albashi maras tsoka, a kansa za a riƙa ɗora masa ƙari duk inda ya koma. Ga kuma faɗuwar darajar naira: hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, shekarar da mafi ƙarancin albashi ya tashi daga N30,000 zuwa N70,000. Ke nan duk wanda albashinsa bai motsa ba tun 2022, an rage masa ne ba tare da an rubuta masa takarda ba.

To, ina mafita? Kafin ka je ganawa, tuntuɓi mutum uku ko huɗu masu irin aikinka. Ba sai ka tambaye su albashinsu ba. Ka tambayi abin da ake biyan mai ƙwarewa kamar taka. Sannan ka duba abin da ke shiga hannu bayan an cire haraji, da kashi 10 cikin 100 na fansho da dokar 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki, da inshorar lafiya. Ƙungiyoyin ƙwararru kuwa, ya kamata su riƙa tattara waɗannan alƙaluma daga mambobinsu ba tare da sunaye ba, su wallafa su duk shekara. Kunya ado ce a zaure, amma a wurin ciniki asara take jawowa.