Ziyarar makabartar Alƙahira

Alƙahira ita ce babban birnin ƙasar Misira. Gabas da tsohon gari, a gindin dutsen Muƙaɗɗam, akwai wata babbar makabarta da ake kira Ƙarafa. An fara bizne mutane a wurin tun bayan da musulmi suka shiga Misira, wajen shekara ta 641. Makabartar tana da tituna, da masallatai, da gidaje. Baƙo sai ya ɗauka wani gari ne dabam.

Masu ziyara da yawa suna farawa da hubbaren Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a shekara ta 820. A 1211 sarki Alkamilu ya gina masa ƙubba ta katako, aka lulluɓe ta da darma. Bisa ƙubbar akwai ɗan jirgin ruwa na tagulla. An ce a dā ana zuba hatsi ciki don tsuntsaye.

Can arewa kuma akwai hubbaren sarki Ƙaitabai, wanda aka gama a 1474. Ƙubbarsa ta dutse ce. Magina sun sassaƙa mata taurari da ganyaye, sun sarƙe da juna kamar aikin babbar riga. Ba a zana mutum ko dabba ba. Adon duka zayyana ce da rubutun Larabci. Daga rubutun nan ake sanin sunan mamaci da shekarar rasuwarsa.

Akwai wani kabari da ya shafi ƙasar Hausa, shi ne na Shaihu Jalaluddini Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505. Shi ne ɗaya daga malamai biyu da suka rubuta tafsirin Jalalaini, wanda ake karantawa da azumi. Ya taɓa aika wa sarakunan Agadas da Katsina takardar nasiha.

Ran Juma'a da ranakun salla, iyalai kan zo gaida matattunsu. Suna yin sallama, su yi addu'a, su ba da sadaka. Ba a hawa kabari, ba a ɗaga murya, ba a ɓamɓare dutse. Talakawa da yawa suna zaune cikin makabartar saboda tsadar gidaje, don haka baƙo yakan nemi izini kafin ya shiga wani tsakar gida.

A 1979 hukumar UNESCO ta sa tsohuwar Alƙahira cikin kayan tarihin duniya. Amma a 2020 da 2023 an rushe kaburbura da dama don a yi manyan hanyoyi. Masana tarihi sun koka ƙwarai, domin dutsen da aka fasa, rubutunsa ya tafi ke nan.

Tambayoyi
1. Ina Ƙarafa take?
2. Me ya haɗa Suyuɗi da ƙasar Hausa?
3. Don me masana suka koka?