Idan Tsohuwar Waya Ta Yi Nauyi a Kara: Abin Dubawa Kafin a Sayi Sabuwa

Jama'a 'yan'uwa fataken shanu, kowa ya ga yadda ciniki ya koma a 'yan shekarun nan. A da sai mai saye ya tako kara da ƙafarsa, ya shafa tozo, ya buɗe baki ya duba haƙora. Yanzu kuwa mahauci yana zaune a Agege ko Ibadan, a ɗauki bidiyon bijimi a Maigatari a aika masa ta WhatsApp, ya taya, a sallama. To, a irin wannan ciniki, idan bidiyo ya tsaya yana ta juyawa har rabin awa, wani ya riga ka, shanunka kuma su kwana a turke suna cin dusa da harawa da kuɗinka.

Da yawa daga cikinmu da zarar haka ta faru sai su ce waya ta tsufa, su karyar da ita, su zuba kuɗi su sayi sabuwa, mako na zagayowa kuma su tarar da matsalar tana nan. Dalili kuwa shi ne abubuwa uku ne ke kawo nauyin nan: wurin da kake, layin da ke cikin wayar, sannan ita kanta wayar. A bi su ɗaya bayan ɗaya, kada a fara da na ƙarshe.

Na farko, wuri. Ranar Alhamis a Maigatari ko ranar Laraba a Potiskum, dubban mutane ne ke rataye a ƙarfen sabis guda, kamar garke goma a bakin rijiya ɗaya. Sandunan da kake gani a saman waya ƙarfin sabis kawai suke nunawa, ba su faɗa maka yawan masu rabon sa ba. Gwajin mai sauƙi ne: ka tambayi na kusa da kai mai layin kamfani irin naka. Idan shi ma tasa tana jan ƙafa, wayarka ba ta da laifi. Sai ka ɗauki bidiyonka da sassafe kafin kasuwa ta cika, ko ka fita daga cunkoso da rumfunan kwano ka nemi fili.

Na biyu, layi, kuma nan ne mu masu tsallaka iyaka muka fi shan wahala. Tsakanin Dungas da Maigatari, ko Ɗan Isa da Jibiya, ko Ƙonni da Illela, sabis ɗin ƙasashe biyu, wato rezo kamar yadda muke cewa a Nijar, yana shiga juna. Waya ba ta san kwastan ba, wanda ta ji ya fi ƙarfi shi take kamawa. Idan ta kama na ƙetare, ko dai intanet ya ɗauke, ko kuma kuɗin layi su zube da tsadar waje. Maganinsa shi ne a shiga saitin waya, wurin zaɓen kamfani, a cire ta daga zaɓi da kanta, a zaɓa mata da hannu. Bayan an tsallaka kuma, a danna alamar jirgin sama, a jira kamar daƙiƙa 30, a sake kashe ta, domin wayar ta sake neman ƙarfe mafi kusa.

Bugu da ƙari, kusan kowannenmu sim biyu gare shi, na gida da na Najeriya. A tsofaffin wayoyi da yawa sim ɗaya ne kaɗai ke samun 4G a lokaci guda, ɗayan kuwa kira da saƙo kawai. Saboda haka da an shiga wata ƙasa, a shiga saiti a mayar da data kan sim ɗin ƙasar. Sannan a dubi ɗan harafin da ke gefen sanduna. Idan E ne, to 2G kake kai, bidiyo mai mega 10 yana iya cin minti 10. Idan H ne ko H+, wannan 3G ne, zai tafi. Idan ba ka taɓa ganin 4G ba ko a cikin gari, mai yiwuwa sim ɗin ne tsohon yayi, a je ofishin kamfanin da katin shaida a sauya shi, lambar ba za ta canza ba. A ƙauye kuwa, wani lokaci 3G mai sanduna cike ya fi 4G mai sanda ɗaya, sai a kafe wayar a kan 3G. Kada kuma a manta da duba ko datar ta ƙare, ko kuwa ta dare ce aka saya ba a lura ba.

Na uku, ita wayar. Babban abin da ke kashe ta shi ne cika. Kowane guruf na 'yan kasuwa yana zubo bidiyo dare da rana, wayar tana kwashewa da kanta, har ciki ya cushe, kuma tana cikin wannan saukewar ne kai kake son aika naka. A shiga saitin WhatsApp a hana shi sauke bidiyo da kansa, a goge na shanun da aka riga aka sayar, a bar aƙalla giga 1 ko 2 a sarari. Zafi ma yana da nasa: wayar da ta yini a gaban mota cikin rana takan rage gudunta da kanta don kada ta lalace, sai a sa ta a inuwa ta huce. Haka nan tsarin tattalin batir, idan yana kunne yakan hana saƙo shigowa sai an buɗe. A masauki mai Wi-Fi kuma, a matsa kusa da na'urar, domin bango yana cinye ƙarfinsa.

Shi kansa bidiyon a rage shi. Daƙiƙa 20 sun isa a zagaya bijimi, a nuna gaba da baya da tafiyarsa. Gajeru uku sun fi dogo ɗaya saurin isa.

To, yaushe za a haƙura da waya? Idan ka sa sim ɗinka a wayar wani ya tafi da gudu a wuri guda, taka kuwa ta ƙi bayan duk wannan gyara. Ko kuma idan batir ya kumbura, wannan haɗari ne. Tun watan Oktoba na 2023 ma WhatsApp ya daina aiki a kan wayar da ba ta kai Android 5 ba.

Daga ƙarshe, wani gargaɗi. Nauyin sabis ƙofa ce ga mazambata: a nuna maka hoton rasidi, a ce kuɗi suna hanya, intanet ne ya riƙe su. Kada ka yarda a yi lodi a kan hoto. Lambobin bankin nan masu farawa da tauraro ba su buƙatar data, ko a kan E suna aiki. Ka duba asusunka da kanka, ka ga kuɗinka, sannan tirela ta tashi. Duk wannan gyara kuma a yi shi a gida tun jajibirin kasuwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai mu gida lafiya.