IN ZA A SAKE AIKI, A SAKE TAKARDA

'Yan'uwa manoma, sau da yawa rigimar ƙungiya da ɗan kwangila takan taso ne daga canjin da aka yi da baki bayan an fara aiki.

Ga misali. Ƙungiya ta ba da kwangilar haƙa rijiyar burtsatse da kafa famfon hannu India Mark II. Daga baya aka gane ruwan wurin yana cin ƙarfe, bututun zai yi tsatsa. Sai aka nemi Afridev mai bututun roba, wanda mutanen gari za su iya gyarawa da kansu. Shawara ce mai kyau, amma kuɗin zai sake, ranar gamawa ma haka.

Saboda haka tun farko a sa sharaɗi cikin yarjejeniya, cewa kowane canji sai magatakarda ya rubuta. Ɗan kwangila ya amsa a rubuce, ya faɗi ƙarin kuɗi ko ragi, da yawan kwanaki. Kwamiti ya duba, shugaba da ma'aji su sa hannu. Kafin haka kada a fara sabon aikin, kada a biya ko kwabo.

Kuɗin nan gumin membobi ne, mu riƙe amana. A karanta Luka 14:28.