Sayen Tsohon Gida A Jos: Lissafi Kafin Tayi

Duk wanda ya zaga tsofaffin unguwannin Jos, irin su Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo, zai ga gidajen da aka gina tun zamanin da haƙar kuza take tashe, waɗansu na jar ƙasa da yaɓen siminti, waɗansu kuwa na dutse. Da yawa daga cikinsu sun zama na gado, dillalai kuma ba su rabuwa da kai masu saye. Abin da yakan ɗaure wa mai saye kai shi ne nawa zai taya, domin masu gida suna lissafin sunan unguwa ne, alhali gidan yana neman gyara tun daga harsashi har kwano.

Masu sana'ar ƙiyasta kuɗin gidaje daga ƙarshe suke faro lissafinsu. Sukan binciki nawa aka sayar da lafiyayyen gida mai girman wannan a cikin unguwar, watau kuɗin da aka biya aka sallama, ba wanda dillali ya faɗa a bakin titi ba. A Jos tilas ne misalin ya fito daga unguwa guda, domin tun bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 mutane suka yi ta ƙaura zuwa inda hankalinsu ya fi kwanciya, har ya zamana gidaje biyu iri ɗaya, tsakaninsu tafiya kaɗan, kuɗinsu ya sha bamban.

Daga wannan kuɗi ne ake cire na gyara. A ƙaddara lafiyayyen gidan ya kai Naira miliyan 20, magini da kafinta kuma sun ce gyara zai ci miliyan 6. Sai a ware miliyan 1 saboda ɓarnar da ba ta bayyana sai an ɗaga kwano, da wata miliyan 1 ta daidaita takardu da biyan bashin harajin ƙasa. Abin da ya rage, miliyan 12, shi ne iyakar mai saye, kuma ƙasa da haka zai fara tayi. Lissafin magini ma ba ya jure ajiya: a farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da dama, waɗanda suka yi ƙiyasi da tsohon farashi suka bar aiki a rabi.

Fenti da ƙyaure da wayar lantarki duk masu sauƙi ne. Inda kuɗi yake nutsewa shi ne ƙasa. Haƙar kuza ta bar ramuka da kududdufai birjik a kewayen Jos da Bukuru, kuma ginin da aka ɗora a kan ramin da aka cike yakan zauna a hankali, bango ya tsage daga ƙasa zuwa sama, ƙofa ta ƙi rufuwa. Irin wannan tsaga injiniya ake kira mata, ba mai yaɓe ba. Ga kuma ruwa: daminar Jos doguwa ce, wani lokaci har da ƙanƙara, saboda haka mai wayo da damina yake zuwa duba gida, ya ga yoyo da danshin bango da idonsa, ya ƙwanƙwasa katakon rufi ko gara ta cinye. Ambaliyar watan Yuli na 2012, wadda ta kashe mutane ta rushe gidaje a Rikkos da Gangare, ta isa ta sa a tambayi maƙwabta iyakar inda ruwa yake kaiwa. Idan kuɗin gyara ya kusa na sabon gini, to fili kawai ake saye, sai a taya kuɗin fili, a cire na rushewa da kwashe ƙasa.

Sauran magana ta takarda ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma sayar da gida mai satifiket sai da amincewarsa. Satifiket yana da wa'adi, galibi shekara 99, don haka a duba nawa ya rage a ma'aikatar filaye, a kuma tabbata ba a jinginar da shi a banki ba. Idan gidan na gado ne, babban wa shi kaɗai bai isa ya sallama ba; sai kowane magaji, har matan da ke aure a wani gari, ya sa hannu gaban shaidu kafin kuɗi ya fita. La'adar dillali kuwa tun kafin tayi ake yanke ta, a kuma san wanda zai biya.