Linzamin Amshi a Ƙauyukan Bakin Shuɗin Nilu

A da'irar bege ko ta zikiri, kafin a kai baiti na uku an riga an yanke hukuncin daren. Jagora ya ɗaga murya, mai bandiri ya saki hannu, jama'a su karɓa, daga nan ko dai a ji abin da mawallafi ya faɗa, ko a sha kiɗa kawai a watse. Da yawa sun ɗauka sauri da nawa ado ne da ya rataya ga son ran mai jan baki. A ganina saurin da aka ɗauki waƙa da shi fassara ce cikakkiya, kuma wanda ke riƙe da linzaminsa sharhin baiti yake yi wa jama'a, ko da bai ƙara harafi ɗaya ba.

Wannan magana tana da nauyi na musamman a ƙauyukan Hausawa na Jazira da bakin Shuɗin Nilu a Sudan. Bayan rasuwar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas, har ya zauna kudu da Sinnar wajen 1906, a garin da ake kira da sunansa har yau. Mahajjata masu bin ƙasa suka yi ta yada zango, da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 kuma aka buɗe gonakin audugar Jazira, ƙwadago ya jawo wasu. Sun zo da Ishiriniyar Alfazazi da Burda da waƙoƙin Shehu Usmanu da na Nana Asma'u a ka, suka tarar da mutanen ƙasar da nasu madahun, da bandirin da suke kira tar, da babbar gangar noba, da 'yan amshin da suke kira shayyalin. Saboda haka mai sauraro a waɗannan garuruwa mutum ne mai harshe biyu. Tsoho na buƙatar a ba shi sararin kama Larabcin ƙasida, yaron da ya tashi da Larabcin makaranta da kasuwa kuwa na buƙatar a ba shi sararin kama tsohuwar Hausar kakanninsa. Ga shi kuma ma'anar kalmar Hausa tana rataye ne ga tsawon wasali da hawa da saukar murya, kuma malaman jihadi sun gina baitocinsu a kan karuruwan Larabci masu auna gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Idan aka ruga, dogon wasali ne ke fara mutuwa, kari ya bi shi, ma'ana ta bi su duka.

Malaman tajwidi sun daɗe da fahimtar wannan. Sun yarda da matakai uku na karatu, wato tahƙiƙ mai natsuwa, da hadr mai sauri, da tadwir a tsakani, amma ko a mafi saurinsu ba su yarda a cinye madda ko gunna ba. Sauri halal ne muddin harafi ya sami haƙƙinsa. Bege ba Alƙur'ani ba ne, hukuncinsu daban, sai dai kunnen da aka rena a makarantar allo, wadda can ake kira halwa, da wannan ma'auni yake sauraro.

A nan ne ya kamata a tuna da Shehu Abdurrahim al-Bur'i na Zariba a Kordofan ta Arewa, shehin Sammaniyya da aka haifa a 1923 ya rasu a 2005. Bai tsaya gaban mawaƙa da sanda a hannu yadda ake yi a Turai ba, amma rukunin almajiransa, Awlad al-Bur'i, sun zama muryar da Sudan duka ta sani ta rediyo da talabijin da kaset. Ya haɗa Larabcin littafi da na gida, ya kuma shigar da damuwar yau da kullum cikin madahu: tsadar aure, shaye-shaye, halin matasa. Waƙar da ke ɗauke da nasiha irin wannan ba ta da amfani idan ba a ji ta ba, kuma wanda ya saurari rukunin da kyau zai lura da haka. Bugu yana tafiya da karsashi, amma mai ja yana kai baiti ƙarshensa kafin 'yan amshi su shigo, su ma ba sa taka wutsiyar maganarsa. Wannan horo shi ne babban gadonsa ga duk mai jan baki, ya fi kowace ƙasida guda daga cikin ƙasidunsa daraja a wannan fanni.

Za a ce ai zikiri da ma don ya hau aka yi shi. Gaskiya ne. Wanda ya ga da'irar Ƙadirawa a Hamad al-Nil ta Omdurman da yammacin Juma'a, ko bandirin da Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, ya kafa wa gindi a Kano, ya san ana farawa ne a hankali a ƙare da wuta. Amma a duba inda saurin ke faɗowa. Yana zuwa ne bayan an gama dogayen baitoci, an koma kan kalma ɗaya ko jumla gajera da kowa ya haddace, inda babu sauran abin da gudu zai ɓata. Kuma hawan yana da matakala, wani ne ke ba da izininsa da kafaɗa ko tafi ko kallo, shi ne kuma ke sauko da jama'a kafin numfashi ya ƙare musu. Shauƙin da aka gina haka daban yake da rugugin da ke faruwa idan mai bandiri ya ƙwace wa mai ja, baitin roƙon gafara ya fito da bugun da ya dace da rawar biki.

Za a kuma ce matasa sauri suke so, kuma al-Bur'i kansa ya bari an rera waƙoƙinsa da sababbin muryoyi da kayan kiɗan zamani, har wasu suka zarge shi. Haka ne, kuma ya yi daidai. Abin da ya sassauta a kai shi ne rauji, ba fitar kalma ba. Ya kamata kuma a faɗa wa dattawa tasu gaskiyar: jan waƙa kamar ana makoki ba shi ne tsoron Allah ba. Idan aka ja baiti har numfashi ya yanke a tsakiyarsa, jumla ta rabu biyu, an ɓata shi daidai da yadda mai gudu ya ɓata shi.

Akwai masu ganin mafita ita ce a tsayar da sauri guda a rubuce. Turawa sun gwada. Maelzel ya yi wa na'urar ƙirga bugu rajista a 1815, Beethoven ya sa wa kiɗe-kiɗensa lambobinta a 1817, amma har yau ana gardama a kansu. Waƙar taron da ke buɗe babban aikin Bach kan Linjilar Matta ta ɗauki kusan minti 12 a hannun Otto Klemperer a farkon shekarun 1960, ta ɗauki wajen minti 7 a hannun John Eliot Gardiner a ƙarshen shekarun 1980, daga takarda ɗaya. Lamba ba ta san faɗin fili ba, ba ta san ko mutum ashirin ne ke amshi ko ɗari biyar, ba ta san ko jama'a sun wuni a gonar auduga ba. Jagora ne ke sanin waɗannan.

Shi ya sa yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya taɓa wannan fanni ta inda ba a cika lissafawa ba. Wad Madani ta faɗi a Disambar shekarar, Sinja ta bi a tsakiyar 2024, kuma ko da sojoji suka karɓe su daga baya, jama'ar ƙauyuka da yawa sun riga sun watse. Baitoci za su tsira a littafi da waya, amma guntun bidiyo na minti biyu yawanci ƙololuwar dare yake ɗauka, yaron da ya koya daga gare shi zai fara ne daga inda magabata ke ƙarewa. Masu ɗaukar sauti su riƙa ɗaukar zama tun daga buɗewa har addu'ar tashi. Zawiyoyin da suka sake haɗuwa a Mai Wurno da maƙwabtanta kuma su zaunar da saurayi kusa da kowane tsohon mai ja, a bar masa baitocin farko na dare, waɗanda a cikinsu ake ɗora saurin da sauran za su bi.