Neman Rancen Karatu a Manyan Makarantun Nijeriya: Sharuɗɗansa da Matsalolinsa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana hanyar da ɗalibi zai bi ya nemi rancen karatu daga Gwamnatin Tarayya. Mu da muke koyarwa a kwalejojin ilimi mun sha ganin ɗalibi mai hazaƙa ya ajiye karatu don kawai ya kasa biyan kuɗin rajista. Saboda haka batun ya shafe mu matuƙa.

2.0 Tarihin Shirin

Ba yau aka fara ba. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Hukumar Ba Ɗalibai Rance, amma ta durƙushe, musamman domin yawancin waɗanda suka ci bashin ba su biya ba. A watan Yunin 2023 ne Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar doka. Sai dai ta gindaya sharuɗɗa masu tsauri, watau kada kuɗin shigar gidan ɗalibi ya kai Naira 500,000 a shekara, kuma ya kawo mutum biyu masu tsaya masa. Ganin haka aka soke ta, aka maye gurbinta da wata a watan Afrilun 2024, aka cire waɗannan sharuɗɗa, aka danƙa aikin ga asusun NELFUND.

3.0 Yadda Ake Nema

Ana nema ne ta intanet. Dole ɗalibi ya kasance ɗan Nijeriya da ya sami gurbi a makarantar gwamnati, ta tarayya ko ta jiha. Zai shigar da lambarsa ta JAMB, da ta katin ɗan ƙasa, da ta BVN, da kuma lambar ɗalibta. Rancen kashi biyu ne: kuɗin makaranta, wanda ake biyan makarantar kai tsaye, da kuɗin ɗawainiya, wanda aka fara da Naira 20,000 a wata, da ke shiga asusun ɗalibi. Babu ruwa a cikinsa, kuma ana fara biya shekara 2 bayan gama yi wa ƙasa hidima, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

4.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Asusun ba ya tantance ɗalibi sai makarantarsa ta aika da bayanansa. Idan ta yi jinkiri, ko sunan da ke JAMB ya saɓa wa na banki, to takardar ta maƙale ke nan, alhali lokacin rajista na wucewa. Wannan ya fi samun ɗaliban karkara, waɗanda sau da yawa wasu ne suka cike musu takardu tun farko.

5.0 Kammalawa

Muna ba da shawara kowace kwaleji ta ware ofishi da zai duba bayanan ɗalibai tun makon farko na shigarsu. Haka kuma wajibi ne mu fahimtar da su cewa wannan bashi ne. Idan ba a biya ba, abin da ya sami hukumar 1972 shi zai sami asusun nan, ƙannensu kuma su rasa.