Aikin jinya a Nijar: abin da ya kamata uwaye su sani kafin su biya kuɗin lakwal

Da zarar sakamakon brebe da na bak ya fito, mu malaman makaranta mun san aikin da ke jiranmu. Uwaye kan tare mu a ƙofar masallaci ko a kasuwa: "Mushe, yarinyar nan ta samu, ina za mu kai ta?" Kafin ka buɗe baki ma sun ba kansu amsa: makarantar kiwon lafiya. A ganinsu wanda ya sa farar riga ya gama da talauci. Ni malami ne, ba ma'aikacin lafiya ba, amma garuruwan da na koyar sun sa na yi maƙwabtaka da masu jinya, na ga yadda suke kwana da yadda suke tashi. Shi ya sa nake son mu dubi zancen nan da idon basira.

Mu fara da hanyar shiga. Mai brebe kan yi karatun shekara uku ya fito da takardar ASB, wato ƙaramin ma'aikacin lafiya. Mai bak kuwa yana iya neman digirin jinya ko na ungozoma. Gwamnati na da makarantunta na ENSP a Yamai da Damagaram. Ta Yamai tana ɗauke da sunan Damure Zika, ma'aikacin jinyan nan da ya yi suna a finafinan Jean Rouch. Sai kuma makarantu masu zaman kansu da suka yawaita a manyan birane. A cikinsu akwai na kirki, akwai kuma waɗanda allon ƙofarsu ya fi abin da ke ciki kyau. Kafin uba ya saida tumakinsa ko buhunan wakensa, ya kamata ya tambaya: makarantar tana da izinin hukuma? A wane asibiti ɗalibanta ke zuwa koyon aiki? Nawa ne daga cikinsu suka ci jarrabawar ƙasa ta kammala karatu a bara? Makarantar da ta kasa amsa waɗannan uku, a yi hattara da ita.

Samun takarda daban, samun aiki daban. Nan ne da yawa ke shan mamaki. Ba kowace shekara ake buɗe gasar shiga aikin gwamnati ba, in an buɗe kuma masu nema sun ninka guraben. Saboda haka za ka tarar da matashi ya gama karatu yana aikin sa kai a asibiti, babu albashi, sai ɗan abin da aka ba shi na sabulu, yana jiran ranar da zai samu kwantiragi ko lambar aiki. Mu malamai mun san ɗacin wannan jira, don rayuwar ɗan kwantiragi iri ɗaya ce ko alli ke hannunsa ko allura.

Wanda Allah ya ba aikin kuma, galibi ƙauye za a fara tura shi. A cibiyar lafiya ta CSI, sau da yawa babu babban likita. Ma'aikacin jinya ne shugaba, shi ake kira majo. Shi ke duba marasa lafiya, shi ke sa ido kan awon ciki da rigakafin yara, shi ke lissafin magani, shi ke rubuta rahoton wata ya aika gunduma. In naƙuda ta yi gardama cikin dare, shi zai yanke shawarar a tura mace asibitin gunduma, sannan a shiga neman mota da kuɗin mai. Daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke tashe, ga rabon maganin rigakafi ga yara ƴan wata 3 zuwa 59, ga masu tamowa, har baranda cika take. Da rani kuma a shiga fargabar sanƙarau da ƙyanda.

Akwai wani nauyin da ba a faya faɗa ba. Tun 2006 aka ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, a 2024 kuma hukumomi sun rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati. Talaka ya ji daɗi, kuma ya cancanta. Amma ranar da maganin ya ƙare a cibiya, ba minista uwar yaro ke gani ba, majo take gani. Shi za a ce ya ɓoye ko ya saida. Ban ce duk masu farar riga tsarkaka ba ne. Kowa ya san masu tsawa ga mai naƙuda da masu fifita ɗan gidan wane. Sai dai wanda ya kwana uku bai runtsa ba, a yi masa adalci kafin a yanke masa hukunci.

Ga ƴan mata, tambayar aure na nan tana jira. Miji yana Maraɗi, an tura ta wani ƙauye a Tanut, ga kwanan aiki, ga goyo. Wannan magana gara a yi ta tun ana neman aure, ba sai an ɗaura ba. Al'ummarmu na matuƙar bukatar mata a aikin nan, don mata da yawa sun fi sakin jiki su faɗi ciwonsu ga mace ƴar'uwarsu.

Duk da haka hanyar ba a toshe take ba. Mai ASB na iya komawa karatu ya ɗaga matsayinsa, mai digiri na iya ƙwarewa a fannin sa barci wajen tiyata, ko kula da ido, ko lafiyar al'umma. Ƙungiyoyin agaji da asibitoci masu zaman kansu ma suna ɗauka.

Shawarata ga ɗalibaina ita ce: kafin a biya ko dala, ka nemi izini ka wuni ɗaya a CSI mafi kusa da kai a tsakiyar damina. In ka ga jini da amai da kukan uwaye, washegari kuma zuciyarka ta ce ka koma, to bismilla, Allah ya yi jagora. In kuwa farar rigar kaɗai ke burge ka, sana'o'i na da yawa, kada a saida gonar gado a kan abin da ba za ka iya riƙewa ba.